Sabunta Manhajar Office da Hannu: Yadda Ake Karɓe Linzami Daga Kwamfuta

Manhajojin aikin ofis, irin su Word ta buga wasiƙa, da Excel ta lissafi, da PowerPoint, da Outlook ta saƙonnin imel, ba kamar injin tafireta ba ne da ake saya sau ɗaya a ajiye a kan tebur har ya tsufa. Kamfanin Microsoft, wanda ya fara ɗaure irinsu dami ɗaya da sunan Office tun wajen 1990, bai taɓa daina taɓa su ba. Kusan kowane wata sai ya toshe wata ɓaraka, ya gyara wani kuskure, ko ya ƙara wani maɓalli, ko ya ɗauke shi daga inda aka saba ganinsa. Wannan taɓawa ita ake kira sabuntawa. A yadda manhajar take fitowa daga kamfani, ita ke neman sabuntawar da kanta, ta sauke ta daga intanet, ta ɗora wa kanta, ba tare da neman izinin kowa ba. Sai dai akwai hanyar taka mata burki, a mayar da abin sai mai kwamfuta ya ce a yi sannan a yi.

Kafin a taɓa kowane saiti, wajibi ne a san wace irin Office ce a cikin kwamfutar, domin hanya biyu ake bi wajen girka ta, kuma kowace da ƙofar da sabuntawarta ke shigowa. Tsohuwar hanya ita ce ta zamanin faifan CD, wadda ma'aikatan kwamfuta ke kira MSI. Office da aka girka ta wannan hanya ba ta da kafar neman sabuntawa ta kanta. Tana jiran sashen sabunta Windows ne ya kawo mata, shi ma sai an ba shi izinin haɗawa da sauran kayan Microsoft. Sabuwar hanya kuwa sunanta Click-to-Run. Ta fara leƙowa a Office 2010, ta zama babbar hanya daga Office 2013, kuma daga Office 2019 zuwa yau ita kaɗai ta rage ga manhajojin Windows na yau da kullum. Microsoft 365, wadda ake biyan kuɗinta wata-wata ko shekara-shekara, ita ma a kanta take.

Wannan bambanci shi ke rikita mutane da yawa. Mutum zai shiga saitin Windows ya dakatar da sabuntawa, ya koma ya miƙe ƙafa yana ganin ya rufe ƙofa, bayan kwana biyu ya tarar Word ta canza kama kuma data ta zube. Dalili shi ne Office ta zamani ba ta bin ƙofar Windows. Tana da ɗan aikenta na musamman a cikin jadawalin ayyukan kwamfutar, mai suna “Office Automatic Updates 2.0”, wanda ke farkawa lokaci-lokaci, ya tuntuɓi rumbun Microsoft, ya tambaya ko akwai sabon zubi. In akwai, sai ya sauke abin da ya bambanta tsakanin tsoho da sabo, ya jira a rufe manhajojin, sannan ya ɗora. Gane wace iri ce ke hannu ba shi da wuya: a buɗe Word, a danna “File”, a gangara zuwa “Account”. Idan an ga maɓalli mai rubutun “Update Options”, to ta zamani ce. Idan babu shi, ko dai tsohuwar hanya ce, ko an sauko da ita daga shagon manhajoji na Microsoft Store, ko kuma mai kula da kwamfutocin ma'aikata ya ɓoye maɓallin da gangan.

Dalilan da ke sa a so riƙe linzami ba na son rai ba ne kawai. Na farko shi ne data. Sabuntawar wata guda kan kama daga gomman megabait zuwa ɗaruruwa, gwargwadon nisan da ke tsakanin zubin da ke cikin kwamfutar da wanda ya fito. A ofishin da intanet ba ta da iyaka wannan ba abin magana ba ne. Amma a shagon buga takardu a Kano ko Maraɗi, inda ake jona kwamfuta da datar waya don a aika takarda ɗaya, megabait ɗari uku da suka tafi ba sanarwa kuɗin cefane ne. Idan kwamfutocin shagon biyar ne, kowace kuma ta sauke nata, asarar ta ninka biyar.

Na biyu shi ne lokaci. Manhaja ba ta san ranar biyan albashi ba, ba ta san daren da ɗalibi zai miƙa kundin kammala karatu ba, ba ta kuma san man janareta ya kusa ƙarewa ba. Ɗauke wuta a tsakiyar ɗora sabuntawa na iya barin Office a rataye, sai an bi ta da gyara kafin ta sake buɗewa.

Na uku, wanda ya fi nauyi a manyan ma'aikatu, shi ne dacewa. Bankuna da asibitoci da ofisoshin akanta sukan ɗora wa Excel da Outlook wasu ƙananan manhajoji na taimako, ko su rubuta jerin umarni da ake kira makiro don ya riƙa yi musu aikin da ake maimaitawa. Sabon zubi na iya zuwa ya ƙi jituwa da ɗaya daga cikinsu, aikin da ya shekara goma yana tafiya lafiya ya tsaya cak ranar Laraba da safe. Duniya ta ga iyakar abin da sabuntawa marar birki ke iya yi a ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani gyara mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya durƙusar da na'urorin Windows kusan miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi a ƙasashe da dama. Wannan ba laifin Office ba ne, ba ma kayan Microsoft ba ne, amma tun daga ranar ba a cika yi wa mai cewa “bari a gwada tukuna” kallon matsoraci ba.

Akwai dalili na huɗu da ba a cika faɗa a fili ba. Masu girka Office marar lasisi sukan kashe sabuntawa don kada asiri ya tonu, su kuma gargaɗi mai kwamfuta kada ya kuskura ya kunna. Wannan ba riƙe linzami ba ne, domin mai irin wannan manhaja ba shi da ranar da zai sabunta. An rufe ƙofar ne an jefar da makullin.

Ga mai kwamfuta ɗaya, hanya mafi sauƙi tana nan cikin manhajar. A buɗe Word ko Excel, a danna “File”, sannan “Account”, wanda a Outlook ake rubuta shi “Office Account”. A ƙarƙashin bayanin manhajar a danna “Update Options”, a zaɓi “Disable Updates”. Windows za ta tambaya ko an yarda a yi wannan canji, a amsa mata da e. Shi ke nan. Ba sai an bi Word da Excel da PowerPoint ɗaya bayan ɗaya ba, domin damin ɗaya ne, saitin ma ɗaya ne. Ranar da aka shirya sabuntawa sai a koma wurin a danna “Update Now”. Wani lokaci wannan zaɓi ba ya bayyana sai an fara danna “Enable Updates”. In haka ta faru, sai a kunna, a sabunta, a jira saƙon cewa an kammala, sannan a sake kashewa. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi mantawa, kuma wanda ya manta shi ya koma gidan jiya bai sani ba.

Akwai kuma hanyar tilasta sabuntawa ba tare da buɗe Word ba, wadda masu gyaran kwamfuta suka fi so, musamman in manhajar ta ƙi buɗewa ko maɓallin ya ɓace. A cikin babban kundin “Program Files”, ƙarƙashin “Common Files”, sannan “Microsoft Shared”, sannan “ClickToRun”, akwai wani fayil mai suna OfficeC2RClient. Shi ne injin da ke bayan wancan maɓalli. Idan aka buɗe baƙar tagar Windows ta rubuta umarni, aka kira sunan fayil ɗin, aka bi shi da karkatacciyar sanda da kalmomin “update user”, nan take zai fara neman sabon zubi.

Amfanin wannan hanya ya wuce nan, domin da ita ake komawa baya. Idan sabuntawa ta zo da matsala, ana iya ƙara wa umarnin kalmar “updatetoversion” tare da cikakkiyar lambar zubin da ake so, wadda ke farawa da 16.0, sai Office ta sauka daga sabo ta koma tsoho. Microsoft na wallafa jerin tarihin zubin da ya fitar, da lambobinsu da ranakunsu, a shafinsa na intanet. Sharaɗin kawai shi ne a kashe sabuntawa ta kai-tsaye da zarar an koma, in ba haka ba ɗan aiken nan zai farka ya dawo da abin da aka gudu dominsa. Shi ya sa yake da kyau a rubuta lambar zubin da ke aiki lafiya a littafi kafin a taɓa komai. Tana nan a shafin “Account”, kusa da “About Word”. Karanta ta ma ba wuya: a wannan shafi ba da 16.0 take farawa ba, lambobi huɗun farko shekara ce da wata. Zubi na 2408, misali, na watan Agustan 2024 ne. A Microsoft 365, da kallo ɗaya mutum zai san watanni nawa aka bar shi a baya.

Wata dabara da ake yawan koya wa juna ita ce a shiga jerin ma'aikatan ɓoye na Windows a kashe wanda ake kira “Microsoft Office Click-to-Run Service”. Gaskiya ne hakan na tsayar da sabuntawa, amma irin maganin nan ne da ke kashe cuta da mai cutar. Wannan ma'aikaci ba sabuntawa kaɗai yake yi ba, da shi manhajojin ke tashi. In aka hana shi aiki gaba ɗaya, Word da Excel kan ƙi buɗewa, su fito da saƙon cewa wani abu ya samu matsala. Kashe ɗan aiken da ke cikin jadawali bai kai wannan haɗari ba, amma shi ma ba abin dogaro ba ne, domin gyara ko sake girka Office na iya mayar da shi yadda yake.

Ma'aikatar da ke da kwamfutoci hamsin ko ɗari biyar ba za ta bi su ɗaya-ɗaya tana danna maɓalli ba. Tana da kayan aiki biyu. Na farko shi ne tsarin dokokin rukuni na Windows, inda mai kula da kwamfutoci ke kafa doka a wuri guda ta hau kan kowa. A sashen sabunta Office akwai dokar kashe sabuntawa ta kai-tsaye, da dokar ɓoye wa ma'aikata zaɓin kunnawa da kashewa, da dokar tsayar da kowa a kan lambar zubi ɗaya, har da ta yanka wa'adin da dole a ɗora gyara ko mai kwamfuta ya so ko bai so ba. Abin mamaki ga sabon shiga shi ne sashen har yau sunan Office 2016 yake ɗauke da shi, alhali dokokinsa sun shafi 2019 da 2021 da 2024 da Microsoft 365, domin dukkansu a cikin gida lamba 16 suke amsawa. Na biyu shi ne wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna Office Deployment Tool. Da ita ake sauke cikakken zubi sau ɗaya tak, a ajiye a babbar kwamfutar ofis, a nuna wa sauran cewa daga nan za su riƙa ɗauka, ba daga intanet ba. Ga makaranta ko cibiyar koyar da kwamfuta mai ƙarancin data, wannan ita ce hanyar da ta fi hankali: ana sayen ruwa tanka ɗaya, kowa ya ɗiba a gida. Kuma har sai mai kula ya zuba sabon zubi a wurin ajiyar, ba abin da zai canza.

Tsakanin saki da ɗaurewa akwai matsakaiciyar hanya da mutane da yawa ba su san da ita ba. Microsoft 365 ta ma'aikatu na da layuka daban-daban. Mai bin layin gaba yana samun sabon abu da zarar ya fito, wani lokaci sau biyu ko uku a wata. Mai bin layin wata-wata sau ɗaya yake samu, a rana sananniya. Akwai kuma layin da aka tsara don sababbin siffofi su riƙa zuwa sau biyu a shekara, Janairu da Yuli, amma gyaran tsaro na ci gaba da zuwa kowane wata. Wanda damuwarsa ita ce kada a riƙa sauya masa fuskar manhaja, ba data ba, sauya layi ya fi masa kashe sabuntawa.

A kwamfutocin Mac, wata manhaja dabam mai suna Microsoft AutoUpdate ke wannan aiki. Ana isa gare ta daga “Help”, sannan “Check for Updates”, a cire alamar da ke kan zaɓin sabuntawa kai-tsaye. A waya, Word da Excel ba su da ta cewa. Shagon Play Store ko App Store ne ke sabunta su, kuma a can ake hanawa ko a taƙaita shi ga lokacin da aka samu waifai. LibreOffice, manhajar kyauta da ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, tana da sashen “Online Update” a cikin saitinta. Google Docs da Word ta cikin burauza kuwa ba su da linzamin da za a riƙe, tunda manhajar ba a kwamfutar mutum take zaune ba.

Duk wannan yana da farashi, kuma farashin tsaro ne. Takardar Word da ta Excel na cikin manyan hanyoyin da masu kutse ke bi, saboda ba wanda ke tsoron buɗe takarda mai kama da rasit ko sanarwar ɗaukar aiki. Tun a watan Maris na 1999 ƙwayar cutar Melissa ta bazu a duniya ta cikin takardar Word. A watan Nuwamban 2017 Microsoft ya toshe wata ɓaraka a ɗan sashen rubuta alamomin lissafi na Office, sashen da aka gina tun shekarar 2000 aka bar shi haka nan shekara goma sha bakwai. A Janairun 2018 ma aka cire shi ɗungurungum. Duk da haka masu kutse sun shafe shekaru suna cin kasuwa da wannan ɓaraka, ba don babu magani ba, sai don kwamfutoci masu ɗimbin yawa ba su taɓa karɓar maganin ba. A watan Maris na 2023 aka toshe wata a Outlook wadda ta fi wannan muni: saƙo na musamman na iya sa kwamfuta ta miƙa bayanan shigar mai ita tun kafin ya buɗe saƙon. A irin wannan, taka-tsantsan ɗin mutum ba ya cetonsa, faci kaɗai ke yi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a fahimta game da faci. Ranar da aka fitar da shi, ranar ce aka nuna wa duniya inda ramin yake. Masu kutse kan kwatanta tsohon zubi da sabo su gano abin da aka gyara, su ƙera makami a kansa. Saboda haka kwamfutar da ba a sabunta ba ta fi shiga haɗari bayan fitowar gyara fiye da kafin fitowarsa. Kashe sabuntawa ta kai-tsaye bai rage aikin da ke akwai ba ko kaɗan. Ya ɗauke shi ne daga wuyan na'ura wadda ba ta mantuwa, ya ɗora a wuyan ɗan Adam.

Abin da ke sauƙaƙa wannan nauyi shi ne Microsoft na da rana. Tun watan Oktoban 2003 yake fitar da gyaran tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, wadda ma'aikatan fannin ke kira Talatar faci. Da ƙarfe goma na safe agogon yammacin Amurka ake sakinsa, wato wajen magariba a Najeriya da Nijar. Tsarin da masu kula da kwamfutoci da yawa ke bi shi ne su bar kwana biyu ko uku su wuce, su saurara ko an yi kuka da sabon zubin, su gwada shi a kwamfuta ɗaya, sannan su sake shi ga sauran kafin mako ya zagayo. Mai shago ma na iya yin haka: ya ware Asabar ɗin da ke bin Talata ta biyu, ko daren da data ke araha. Kafin ya fara, ya adana aikinsa, ya rufe manhajojin Office duka, ya kwafe muhimman fayiloli a filash, ya tabbatar batir a cike yake ko wuta tsayayya ce. Idan an ba da sanarwar cewa ana kai hari da wata ɓaraka a halin yanzu, to ba a jiran Asabar. Wanda wata biyu ko uku suka kuɓuce masa ba sai ya bi su ɗaya-ɗaya ba, domin kowane sabon zubi na ƙunshe da gyare-gyaren da suka gabace shi. Sai dai nauyin abin saukewa zai ƙaru.

Masu Microsoft 365 su lura cewa hana sabuntawa bai raba manhajar da intanet ba. Tana bukatar ta tuntuɓi kamfani aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 don tabbatar da lasisi. In ba ta samu ba, takan koma halin da za a iya buɗe takarda a karanta ko a buga, amma ba a iya gyara ta ko ƙirƙirar sabuwa.

Sannan kowace Office ta sayen-sau-ɗaya tana da ranar da kamfani ke janye hannu daga gare ta. Office 2010 ta kai tata a ranar 13 ga Oktoban 2020, Office 2013 a 11 ga Afrilun 2023, Office 2016 da 2019 kuma a 14 ga Oktoban 2025, rana ɗaya da Windows 10. Wa'adin da aka yanka wa Office 2021 shi ne 13 ga Oktoban 2026, ita kuwa Office 2024 sai Oktoban 2029. Bayan wa'adi manhajar ba ta mutuwa. Tana buɗewa, tana buga takarda kamar kullum. Wanda ya danna “Update Now” a kanta ma tana iya amsa masa cewa yana kan zubi na ƙarshe, kuma ba ƙarya ta yi ba, tunda babu wani da zai sake zuwa. Ɓarakar da aka gano bayan wannan rana a buɗe za ta zauna, ko an kunna sabuntawa ko an kashe, har sai an sauya manhajar da wadda ake kula da ita.